SN 2023ixf: abin da makon farko na mutuwar wani tauraro ya tona

Ranar 19 ga Mayun 2023, da misalin ƙarfe 5:27 na yamma agogon GMT, Koichi Itagaki na birnin Yamagata a ƙasar Japan ya ga wani ɗigon haske a hoton da ya ɗauka na gungun taurarin M101, a daidai wurin da babu komai a hotunansa na baya. Itagaki ba ma'aikacin wata jami'a ba ne, sha'awa ce ta kai shi ga wannan aiki, amma ya riga ya gano fashewar taurari fiye da 150, don haka rahotonsa ba ya jiran dogon tantancewa. Cikin 'yan sa'o'i na'urar hangen nesa ta Liverpool, mai madubi mita 2 da ke tsibirin La Palma na ƙasar Sifen, ta rarraba hasken ɗigon zuwa launukansa, aka ga alamar haidirojin a ciki. Wannan ya tabbatar da cewa sufanoba ce rukuni na biyu, wato ƙaton tauraro ne cikinsa ya rufta. Aka yi mata rajista da suna SN 2023ixf. Haruffan ƙarshen lambar jeri ce: ana farawa daga A zuwa Z, a koma aa zuwa zz, sannan haruffa uku, don haka ixf na nufin ita ce ta 6,714 cikin sababbin hasken da aka kai rahotonsu a wannan shekara tun kafin Mayu ya ƙare.

A cikin waɗannan dubbai, ita ce ta sa manyan na'urori a ƙasa da sama suka ajiye aikin da ke gabansu. Dalili na farko shi ne kusanci. M101 na nesa da mu da kimanin shekarun haske miliyan 21 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara ɗaya), alhali yawancin waɗanda ake ganowa kullum suna can ɗaruruwan miliyoyi. Ma'aunin da ake auna hasken taurari da shi, magnitud, a juye yake: ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa, kuma bambancin mataki 5 daidai yake da ninki 100. Itagaki ya gan ta a 14.9. Kafin mako ya zagayo ta kai kusan 11, wato ta ƙaru da ninki 36 ko kusa da haka. Ido zalla a wuri mai duhu sosai ba ya wuce 6, saboda haka ko a ganiyarta ta gaza abin da ido ke iya gani da ninki 100. Duk labarin da ya ce an gan ta da ido ba gaskiya ba ne. Amma idan aka cire tasirin nisa, ainihin haskenta ya zarce na rana sau biliyan ɗaya da ɗoriya. A M101 ɗin nan an taɓa ganin wasu a 1909, 1951, 1970 da 2011. Ta 2011, wato SN 2011fe, ta fi wannan haske, ta kai kusan 10, sai dai wani iri ce daban: farin wadan tauraro ne, wato ɗan ƙaramin ragowar tauraron da ya mutu, ya kama da wuta ya tarwatse gaba ɗaya, ba ruftawar ciki ba.

A ganinmu haskenta ba shi ne abin da ya ba ta daraja ba. Abin da ya ba ta daraja shi ne an kama ta da wuri, kwana ɗaya kacal bayan haskenta na farko ya iso, kuma abin da aka gani a kwana bakwai na farko ya saɓa wa abin da lissafin rayuwar taurari ya daɗe yana cewa.

Kafin a gane saɓanin, sai an san yadda irin wannan tauraro ke mutuwa. Tauraro yana tsaye ne a kan kokawar abu biyu: nauyinsa da ke jan komai zuwa tsakiya, da zafin da haɗewar ƙwayoyin zarra ke samarwa a cibiyarsa wanda ke tura komai waje. Wanda nauyinsa ya kai na rana sau 8 ko fiye yana ƙona haidirojin na miliyoyin shekaru, ya koma kan hiliyom na dubban ɗaruruwan shekaru, a nan ne yake kumbura ya zama jan ƙato mai faɗin da ya ninka na rana sau ɗaruruwa. Daga nan lokaci ke ta gajarcewa: kabon na ɗaukar ɗaruruwan shekaru zuwa dubu, niyon da oksijin shekara ɗaya ko 'yan watanni, silikon kuwa 'yan kwanaki. Abin da silikon ke bari shi ne baƙin ƙarfe, kuma haɗa ƙwayoyin baƙin ƙarfe ba ya ba da zafi, cinye shi yake yi. Da zarar curin ƙarfen ya kai kusan nauyin rana 1.4, sai ya rufta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, daga girman da ya kusa na duniyarmu zuwa dunƙule mai faɗin 'yan gomman kilomita, gefensa na faɗawa ciki da gudun da zai kai kilomita 70,000 a daƙiƙa. Kashi 99 cikin 100 na ƙarfin da wannan ruftawa ke saki yana ficewa ne a matsayin niyutirino, ƙwayoyin da ke ratsa kusan komai ba tare da sun tsaya ba. Ɗan abin da kayan tauraron suka tare daga cikinsu shi ke farfaɗo da igiyar bugun da ke fasa sauran jikin. Igiyar na buƙatar kusan kwana ɗaya kafin ta ratsa jan ƙato ta fito fatarsa, kuma sai a lokacin ne ake ganin haske.

Bisa wannan bayani, fatar tauraron ba ta da labarin abin da ke faruwa a cibiya. Zafi na ɗaukar dubban shekaru kafin ya fito daga tsakiya zuwa waje, saboda haka bai kamata abin da ya faru a ciki a shekarun ƙarshe ya bar wata alama a waje ba. Abin da ake tsammani shi ne walƙiya mai tsananin zafi ta ƙasa da sa'a guda ko kusa da haka lokacin da igiyar ta fito, daga nan zafi ya yi ta sauka, kuma layukan da ke cikin rarraben hasken, wato alamun da kowane sinadari ke bari a cikinsa, su zama masu faɗi, domin tarkacen na gudun kusan kilomita 10,000 a daƙiƙa. Faɗin layi shi ke nuna gudu: ɓangaren da ke tahowa wajenmu na karkatar da launi zuwa shuɗi, wanda ke tafiya na karkatar da shi zuwa ja, sai layin ya baje.

Ba haka aka gani ba. Layukan farko sirara ne, na haidirojin da hiliyom da kabon da naitirojin waɗanda haske mai ƙarfi ya ƙwace wa lantarkinsu. Siririn layi na nufin iska mai tafiya a hankali, gomman kilomita a daƙiƙa zuwa ɗari da 'yan kai. Ke nan ba tarkacen fashewar ake gani ba, wani lulluɓin iska ne mai kauri da ke kewaye da tauraron tun kafin ya fashe, hasken fashewar ya haska shi. Zafin ma, maimakon ya sauka, sai ya yi ta hawa na kwanakin farko, kamar yadda ma'aunin hasken altarabayolet na na'urar Hubble da na Swift suka nuna. Ƙungiyar Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ce ta jagoranci ɗaukar na Hubble. Ma'anar wannan ita ce igiyar ba ta fito fili a fatar tauraron ba, ta ci gaba da kutsawa cikin lulluɓin, tana mai da gudunta zafi. Na'urar NuSTAR ta kama hasken eksire mai ƙarfi a kwana na 4 da na 11, kuma tsakanin ranakun biyu abin da ke tare hasken ya ragu ƙwarai, alamar igiyar ta cinye mafi yawan lulluɓin. Bayan kamar mako guda siraran layukan suka ɓace, masu faɗi suka bayyana.

Wannan mako ɗaya shi ne ma'aunin komai, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Mako ɗaya daƙiƙa 600,000 ne da 'yan kai. Igiya mai gudun kilomita 10,000 a daƙiƙa za ta ci kilomita biliyan 6 a wannan lokaci, kusan nisan rana da Fuluto. Nan ne iyakar ɓangaren lulluɓin mai kauri. Sai tambaya ta biyu: tun yaushe tauraron ya fara zubar da shi? A raba nisan da gudun iskar. Idan iskar na tafiyar kilomita 50 a daƙiƙa, amsar kusan shekara 4 ce. Idan 15 ne, kamar yadda aka saba gani a iskar jajayen ƙatti, shekara 12 zuwa 13. Idan ya haura 100, bai kai shekara 2 ba. A nan matsalar take: gudun da aka auna, an auna shi ne bayan fashewar, lokacin da hasken ya riga ya tunkuɗa iskar ya ƙara mata sauri, ga kuma na'urar da ba ta da kaifin rarrabewa da ke nuna siririn layi da faɗin da ba nasa ba. Shi ya sa ƙungiyoyi daban-daban suka fitar da adadi daban-daban daga hasken guda. Inda yawancinsu suka haɗu shi ne kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin rana a kowace shekara, wasu ma suka kai shi sama da haka. Jan ƙato irin Betelgeuse kuwa kusan kashi 1 cikin miliyan yake zubarwa. Bambancin ninki 10,000 ne, kuma duk yadda aka juya lissafin gudun, ba ya goge shi.

Me ya sa tauraro zai yi wannan ɓarin a shekarunsa na ƙarshe? Bayani huɗu ake kawowa. Na farko, tafasar da ke faruwa a cibiya lokacin ƙona niyon da oksijin na iya tayar da igiyoyi da ke ɗaukar ƙarfi kai tsaye zuwa fata, ba tare da jiran dubban shekaru ba. Lokacin ya dace, amma akwai cikas: irin wannan ya kamata ya sa tauraron ya yi wani tashin haske kafin mutuwarsa, kuma da aka binciki hotunan shekarun baya na shirye-shiryen sa ido kan sama irin su ZTF da ATLAS da Pan-STARRS da wasu, ba a ga ko ɗaya ba. Na biyu, bugun jikin tauraron. Hotunan infared, wato hasken ɗumi da ido ba ya gani, na na'urar Spitzer sun nuna haskensa na hawa da sauka a zagayen kusan kwana 1,000 zuwa 1,100, kuma da ƙarfi fiye da na yawancin irinsa. Kowane bugu na iya ɗaga iska sama, ta yi sanyi, ƙura ta ƙullu, haske ya tura ƙurar waje. Na uku, wani tauraro abokin zagaye da ke yagar fatarsa. Abin da ke goyon bayan wannan shi ne ma'aunin karkatar haske ya nuna lulluɓin ba zagayayye ba ne, ya fi kauri ta wani ɓangare. Na huɗu shi ne mai rage wa labarin armashi: wataƙila babu wani ɓari na musamman, iskar ce ke tashi tana komawa shekara da shekaru, ta taru a kusa da tauraron ba ta tsere ba, mu kuma muka lissafa ta kamar mai ficewa. Mu dai mun fi karkata ga na biyu haɗe da na huɗu, domin su ne ba sa buƙatar tashin hasken da aka nema aka rasa. Amma hujjar ba ta kai a rufe magana ba. A Afrilun 2024 SN 2024ggi ta fashe a gungun NGC 3621, a nisa kusan ɗaya, ita ma ta nuna siraran layuka na 'yan kwanaki, abin da ke ƙarfafa zaton cewa wannan hali ba na tauraro ɗaya ba ne. A da ana rasa shi ne saboda ana isowa a makare.

Sa'o'in farko kuwa, ba manyan na'urori ba ne suka kama su. M101 na cikin abubuwan da masu ɗaukar hoton sama suka fi so a watan Mayu, saboda haka mutane da yawa, musamman a ƙasar Sin, suna ɗaukarsa a daren 18 ga wata ba su san abin da ke cikin hotunansu ba. Daga waɗannan hotuna aka tsayar da lokacin fara hasken a yammacin 18 ga Mayu agogon GMT, aka kuma samu launinsa tun daga sa'a ta biyu. Wanda ke son aikinsa ya yi irin wannan amfani, ga abin da ake buƙata.

Neman M101 ba wuya: a sami taurarin nan bakwai masu siffar ludayi a arewa, a ɗauki biyun ƙarshe na mariƙin, Mizar da Alkaid. M101 na yin kusurwa uku da su, kusan digiri 5 da rabi daga kowanne, ta gefen arewa maso gabas. Daga Kano ko Damagaram yana hawa har digiri 48 zuwa 50 sama da sararin arewa, da tsakar dare a ƙarshen Afrilu, da misalin ƙarfe 9 a farkon Yuni. Abin da ke yaudarar sabon shiga shi ne lambar da littattafai ke ba shi, 7.9, wadda ke sa a zaci mai haske ne. Hasken a baje yake a fili mai faɗin cikakken wata, don haka farin wata ko fitilun gari ko ƙurar hunturu na shafe shi ɗungurungum. Sau da yawa a 2023 mutane sun ga sufanobar, ɗigo ɗaya tsaf, da madubi mai faɗin santimita 15, ba su ga gungun da take ciki ba. A yau ta dushe fiye da abin da ƙaramar na'ura za ta gani. Darasin na sufanoba ta gaba ne.

Wajen ɗaukar hoto, a daidaita agogon kwamfuta da intanet kafin a fara, a rubuta lokaci da GMT, domin kuskuren sa'a ɗaya a daren farko na lalata darajar hoton. A ajiye ɗanyen fayil na FITS ko RAW, wato hoton kamar yadda kyamara ta ɗauke shi ba gyara. JPEG ya riga ya matse haske ya canza adadin. A ɗauki gajerun hotuna da yawa na daƙiƙa 30 zuwa 60 maimakon dogo ɗaya, saboda ɗigo mai magnitud 11 na cika ƙwayoyin kyamara a dogon ɗauka, kuma ƙwayar da ta cika ba a iya auna komai da ita. A ɗauki hoton duhu da murfi a rufe, mai tsawo da zafi iri ɗaya, da hoton farin fili don gyara tabon ƙura da duhun gefe. Idan wani ɗigo ya bayyana, abubuwa huɗu ne suka fi kama da sufanoba alhali ba ita ba ce. Lalatacciyar ƙwayar kyamara tana zama wuri ɗaya a jikin hoton ko an ɗan gusar da na'urar, taurari kuwa su gusa. Bugun ƙwayar sararin samaniya a hoto ɗaya tak yake fitowa, da kaifin gefe. Dutsen sama mai yawo yana gusawa cikin sa'a guda, kuma shafin Minor Planet Center na nuna ko akwai sananne a wurin. Tauraro mai sauya haske na cikin gungunmu ana duba shi a kundin VSX na ƙungiyar AAVSO. Wanda ya tsallake duka huɗun ne ake kai wa Transient Name Server, rajistar da Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya ta amince da ita tun 2016, inda sunansa zai fara da AT, alamar ba a tantance shi ba, har sai an rarraba haskensa a mai da shi SN, wato sufanoba. Wajen auna haske kuma, SN 2023ixf na kusa da NGC 5461, wani yanki mai walƙiya inda ake haihuwar taurari. Duk wanda ya buɗe da'irar awonsa da yawa zai haɗa da hasken yankin, kuskuren kuma na girma yayin da sufanobar ke dushewa. Hoton da bai nuna komai ba ma kada a goge shi: shi ke cewa a ƙarfe kaza ba ta fara ba.

Bayan makon farko sai ta koma halin 'yan'uwanta. Haidirojin ɗin da fashewar ta watsa na riƙe haske yana sakinsa a hankali yayin da yake hucewa zuwa digiri 5,000 zuwa 6,000, abin da ke sa yawancin rukuni na biyu su tsaya kusan mataki ɗaya na kwana 100. Tata tsayuwar ta fi gajarta kuma ta fi gangara, ta ƙare a kusan kwana 70 zuwa 80, alamar tauraron ya riga ya rasa wani kaso na haidirojin ɗinsa tun da daɗewa. Daga nan abin da ke riƙe hasken shi ne nikel-56 da aka ƙera a fashewar, wanda rabinsa ke rikiɗa zuwa kobal-56 duk kwana 6, shi kuma rabinsa ya koma baƙin ƙarfe duk kwana 77. An ƙiyasta nikel ɗin da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin rana. Niyutirino kuwa ba a kama ko ɗaya ba, kuma ba abin mamaki ba ne: SN 1987A, daga nisan shekarun haske 168,000, kusan 24 kawai ta bayar a na'urori uku. M101 ya ninka wannan nisa sau 125, rabon da ke isowa kuma na raguwa da ninkin nisa sau kansa, wato fiye da sau 15,000.

Saura nauyin tauraron, inda aka fi samun saɓani. An same shi a tsofaffin hotunan Hubble da Spitzer: jan ƙato ne, dishi-dishi a hasken ido, mai ƙarfi a infared, domin ƙurar da ya lulluɓe kansa da ita na shanye haskensa ta sake shi a matsayin ɗumi. Ana samun nauyi ne daga jimillar haske, jimillar kuma ta dogara ga yawan ƙurar da aka ɗauka akwai, da ko ta kabon ce ko ta silika, da matakin da bugun kwana 1,000 ɗin yake a ranar da aka ɗauki kowane hoto, da kuma ainihin nisan M101, inda kuskuren kashi 5 cikin 100 ke zama kashi 10 a haske. Sakamakon da aka wallafa ya kama daga nauyin rana 8 ko 10 har zuwa kusan 20. Tazarar ba ƙarama ba ce, domin tun 2009 binciken Stephen Smartt da abokan aikinsa ya nuna ba a cika samun jan ƙaton da ya haura nauyin rana 16 zuwa 18 yana fashewa ba, abin da ya haifar da zaton cewa manyan na ruftawa shiru su zama baƙin rami, wato dunƙulen da ko haske ba ya kuɓuta daga nauyinsa, kamar yadda ake zargin wani mai nauyin rana kusan 25 a gungun NGC 6946 ya yi, wanda ya ɗan ƙara haske a 2009 aka neme shi aka rasa a 2015. Idan tauraron M101 ya kai 20, wannan zato ya samu tangarɗa. Idan 12 ne, babu abin da ya taɓa shi. Awon layukan oksijin da aka yi bayan shekara guda, lokacin da tarkacen ya yi shara-shara har ana hango cikinsa, ya fi karkata ga ƙasa da 15 ko kusa da shi.

Akwai kuma gwajin da ba a yi shi da gaggawa: sai tarkacen ya dushe ƙasa da hasken da tauraron ke da shi a tsofaffin hotuna, sannan a sake duba wurin da Hubble ko James Webb. Haka aka yi wa SN 1993J da SN 2003gd, aka tabbatar taurarin da aka nuna sun ɓace. Idan aka koma M101 aka tarar wani ɓangare na hasken infared ɗin na nan, to na maƙwabci ne ko na abokin zagaye, kuma dole a rage duk adadin nauyin da aka lissafa daga waɗancan hotuna.